Tayoyi Huɗu da Mai-Farce Ya Ƙi Yankawa

Mai-Farce ya mutu a kan tayoyin da ko amalanke bai kamata a ɗaura wa ba, kuma duk layin garejin babu wanda ya kai shi sanin haka. Wannan ne ya tsaya wa amininsa Mai-Birki a maƙogwaro har yau. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Amma fushin bai sauka ba.

Bango ɗaya ne ya raba shagunansu. Mai-Birki yana gyaran birki da ƙafar mota, Mai-Farce yana sayar da taya yana ɗaurawa. Tun suna samari suke wannan layi, lokacin da Mai-Farce ba shi da komai sai famfon hannu da bahon ruwan da ake tsoma tiyub a nemo inda ya huje. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, muryarsa ta ishi mutum biyu. Ya daɗe yana faci a gindin bango, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, kafin ya kama shago ya sayi injin cire taya. Sannu a hankali masu motocin nan na gudu, waɗanda cikinsu ke shafar ƙasa, suka gane ƙofarsa. Suna zuwa ya zage su, su tafi suna ƙunƙuni, su dawo da abokansu.

Sunan ya samo shi ne daga babban yatsansa na dama. Farcen mai kauri ne, baƙi, ba ya yanke shi har ƙasa. Duk tayar da aka mirgino masa, kafin ya ce uffan sai ya danna farcen nan a zanenta. Idan roba ta karɓa ta dawo, taya tana da rai. Idan ta ƙi, ta mutu, ko da zanenta yana nan kamar jiya aka ƙera ta.

"Abin da bai kama farce ba, ba zai kama kwalta ba," haka yake cewa.

Bayan ƙofar shagon akwai ƙusa, a jikinta akwai wuƙa mai ƙota naɗe da baƙin tef. Duk tayar da ya ce ta mutu, sai ya ɗauko wuƙar ya tsaga gefenta daga sama har ƙasa, a gaban mai ita. Ya san in ya bar ta lafiya lau, wani zai wanke ta, ya shafa mata mai ta yi ƙyalli, ya sayar wa wanda bai sani ba. Ya yi faɗa da mutane da yawa a kan wannan wuƙa. Har ƙaninsa, wanda yake taya shi tsare shago, ya sha ce masa, "Yaya, abinci kake yankawa." Shi kuwa ya ce, "Ka ci wani abin."

Mai-Birki ba ya manta ranar da wani mai sayar da waya ya shigo da farar mota da ya saya ta hannu. Ya nuna hoto a wayarsa, tayoyi masu faɗi, gefensu siriri kamar bel.

"Irin wannan nake so, Baba. Ta cika ido."

"Ido ne zai tuƙa ko kai? Ina kake bi da ita?"

"Ko'ina mana."

"Ko'ina ba hanya ba ce. Unguwarku akwai ramuka?"

"Akwai 'yan kaɗan."

"Kaɗan ɗin sun ishe ka. Mai siririn gefen nan, gaskiya sitiyari zai yi maka biyayya, ka motsa hannu kaɗan ta bi ka. Amma rami ɗaya za ka faɗa gefenta ya yi ƙulu, rim ya lanƙwashe, ka dawo nan kana zagin wanda ya haife ni. Wa kake ɗauka a ciki?"

"Ni da iyali. Tana da juna biyu ma."

"Au! Mai ciki za ka ɗora a kan katako ka bi da ita ramuka? Kai, wa ya aura maka 'yar mutane?"

Masu jiran gyara a benci suka kwashe da dariya. Mai-Farce ya mirgino tayoyi uku ya jera su a gaban mutumin, ya kama yatsansa ya danna masa a kan kowacce.

"Ji wannan. Taushi gare ta, tana manne wa kwalta kamar ƙarangiya a wando, a kwana ba ta gardama. Amma titi zai cinye ta kafin ka gama murna, kuma tsadarta sai ka zauna. Ji wannan. Tauri gare ta, za ku tsufa tare, ga araha. Amma ranar ruwa ka taka birki sai ta ce ba da ita kake ba. To ga ta tsakiya. Dubi manyan kwaruruwan nan, ta nan ruwa ke gudu ya bar roba ta taɓa ƙasa. Ita ce taka."

Mutumin ya sosa ƙeya ya ce biyu kawai zai iya yanzu, a sa masa a gaba.

"A baya za a sa."

"Haba Baba, ai gaba ke tuƙi."

"Gaba in ta zame, sitiyari yana hannunka, za ka ji, ka sassauta ƙafa. Baya in ta zame me kake riƙe da shi? Sai dai ka ga inda ka fito ya dawo gabanka."

Aka ɗaura a baya. Da aka gama, Mai-Farce ya zaro wuƙa ya tsaga tsoffin.

"Baba! Ai wani zai saya!"

"Shi ya sa."

Haka yake. Ba ya haɗa taya kala biyu a gaban mota ko a bayanta ko za ka yi masa kuka. Ba ya sayar maka da abin da ya fi ƙarfin hanyarka ko aljihunka. Bakinsa ba daɗi, amma hannunsa ba ya cuta. Ranar da matar Mai-Birki ta kwanta asibiti, shi ne ya rufe nasa shagon ya zauna a na amininsa yana karɓar aiki, yana yi wa mutane ƙarya cewa ya iya birki, sannan ya ruga asibiti ya tambayo yadda ake yi.

Abu ɗaya ya mallaka don jin daɗin ransa, wata tsohuwar jar mota mai ƙofa biyu. Gangar jikinta kawai ya saya, babu inji babu kujera, tun bai daɗe da aure ba. Ya yi ta haɗa ta guntu-guntu. Mai-Birki ne ya yi mata birki, bai karɓi ko sisi ba. 'Yar Mai-Farce ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, Yaya take ce wa motar, don ta riga ta zuwa gidan. Ranar hutu ya kan wanke ta da hannunsa, ya ɗauki Auta da mamanta su zaga gari, Auta a naɗe a ƙaramar kujerar baya tana ihun ya ƙara wuta. Tayoyin da ke ƙarƙashinta kullum irin na tsakiya ne, irin wanda yake zaɓa wa mutane. Masu taushin nan na manyan motoci kuwa, ya ɗaura wa wasu su ba adadi, yana shafa su kafin ya sa, amma bai taɓa hawa nasa ba.

Sai ga mai otal ɗin bakin babban titi ya aiko da wata mota da ta daɗe a lulluɓe a garejin gidansa. Zai ba ɗansa, yana so a duba ƙafafunta. Mai-Birki yana ƙarƙashinta yana duba birki ya ji shagon ya yi shiru. Ya leƙo. Mai-Farce ne tsugune a gaban tayar gaba, tafin hannunsa a kanta.

Irin waɗanda ya fi so ne, na ƙarshe a tsada. Zanensu ko gezau, har 'yan gashin robar da ke fitowa a jikin sabuwar taya ba su gama zubewa ba. Ya danna farce. Bai shiga ba. Ya sake dannawa har yatsansa ya yi fari. Ya karkata kai ya karanta 'yar lambar da ke gefe, wadda ke nuna shekarar da aka ƙera taya. Tun Auta tana firamare aka yi su, ga shi yanzu ta gama karatu tana neman aiki.

Ya kira mai otal a waya ya gaya masa gaskiya. "Ranka ya daɗe, tayoyin nan sun mutu a tsaye. Ba gudu ya kashe su ba, zama ne. Kada ka ɗora ɗanka a kansu."

Mai otal ya ce a sa sababbi, tsoffin kuma a yi musu yadda aka saba.

Aka cire su aka jera a bakin ƙofa. Mai-Farce ya je bayan ƙofa ya zaro wuƙa. Ya tsaya a kansu. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya mayar da wuƙar kan ƙusa, ya mirgina tayoyin ɗaya bayan ɗaya zuwa ƙuryar shago. Girmansu ɗaya da na jar motar, Mai-Birki ya san haka ba sai ya auna ba.

Washegari da safe jar motar ta shigo layi a kan sababbin ƙafafu, suna ƙyalli.

Mai-Birki ya ajiye sifana ya fito. Bai gaishe shi ba. Ya tsugunna ya danna nasa farcen a tayar baya, ya ji kamar ya danna murfin tukunya.

"Mene ne wannan?"

"Taya ce, ko ba ka taɓa gani ba?"

"Na gani. Jiya na ji wani gajeren mutum yana cewa sun mutu a tsaye."

"Ga ɗan mai otal sun mutu. Yaro ne, ƙafarsa nauyi gare ta. Ni na san abin da nake hawa."

"Kwalta ta san ka ne? In ta gan ka sai ta ce a bar shi, Mai-Farce ne?"

"Kai dai tsaya a birkinka, mutumina. Rani ne, titi a bushe yake, ga zafi yana sassauta su. Ka ji yadda ta sha kwanar gidan mai kuwa? Kamar an zana mata layi. Shekara nawa ina ɗaura wa 'ya'yan wasu? In ɗan ɗanɗana mana. Kafin ruwa ya sauka zan cire."

Ya faɗi haka yana murmushi irin na yaron da aka saya wa takalmi. Wannan murmushin ne ya kashe wa Mai-Birki baki a ranar. Amma bai bar maganar ba. Kullum da safe, kafin ya buɗe shagonsa, sai ya je ya danna farce a tayar ya ɗago ya kalli amininsa. Ya ishe shi da mita har Mai-Farce ya yi odar sababbi huɗu, irin na tsakiya masu manyan kwaruruwa. Suka iso a naɗe cikin leda. Ya ɗora su a kan kantar sama, ya ce, "To ga su nan, sai ka bar ni in sha iska." Ɗaura su ba zai kai tsawon shan shayi da 'yar hira ba. Ga inji, ga jak, ga mai aikin. Suka zauna a kanta ƙura tana hawa ledar.

Wata rana Maman Auta ta biyo ta layin daga kasuwa, niƙi-niƙi da kaya. Mai-Birki ya karɓe ta ya ba ta kujera.

"Matarmu, ina direbanki? Ya bar ki da ƙafa?"

"Ai ka bari kawai. Kwanan nan in na ce ya kai ni wani wuri sai ya tare min tasi. Auta ma ya hana ta shiga. Wai kujera ce ta lalace."

Kujera ba ta lalace ba. Mai-Birki ya san haka. Tana tafiya ya shiga shagon maƙwabcinsa, ya wuce shi, ya zaro wuƙar daga ƙusa ya nufi jar motar. Mai-Farce ya cim masa a bakin ƙofa ya damƙe wuyan hannunsa. Hannun mai taya ba abin wasa ba ne.

"Sake ni in yi maka aikinka, tunda ka manta shi."

"Ajiye min wuƙa."

"Ka hana matarka shiga, ka hana 'yarka shiga. Ka sani ke nan! Kai ba mutum ba ne? Kai ba uban kowa ba ne?"

"Na ce kafin ruwa."

"Ruwa zai aiko maka da takarda? Kai da ka tsaga tayar mai ɗaukar yara makaranta yana roƙonka har da hawaye! Tasa ta fi taka mutuwa ne? Ko don tasa ba ta da kyau?"

Mutane suka taru. Fuskar Mai-Farce ta canza, don ba a taɓa faɗa masa magana irin wannan a gaban shagonsa ba. Ya murɗe wuƙar daga hannun amininsa.

"In ka taɓa min mota, kada ƙafarka ta ƙara taka shagon nan."

Daga ranar suka daina magana. Bango ɗaya tsakaninsu, kowa yana jin tarin ɗan'uwansa, ba mai ce wa wani sannu. Mai shayin layin ya kan kawo kofi biyu kamar yadda ya saba, ya tsaya a tsakiya bai san inda zai ajiye ba.

Ana cikin haka Auta ta samu aikin koyarwa a wani gari da ke bayan babbar gada. Ranar tafiya da hantsi, Mai-Birki ya ga inuwa a ƙofarsa. Mai-Farce ne, sanye da rigarsa mai kyau, yana kallon gefe.

"Motarka tana da mai?"

"Tana da shi."

"Za ka ɗaukar min Auta da uwarta. Ni zan biyo ku da akwatuna."

Mai-Birki ya goge hannu ya fito. Gabas ta yi duhu kaɗan, iskar da ke kaɗawa tana da sanyi-sanyi.

"Dubi can."

"Ba yau ba. Yaudara ce, tun shekaranjiya yake haka."

"Ɗan'uwa, don Allah. Ga sababbin can a kantar sama. Ni zan riƙe maka jak, ni zan ɗaure noti. Ko ka bar ta a nan mu cusa akwatunan a but ɗina, ka zauna gaba ka yi ta zagina har mu isa."

"'Yata za ta kama aiki in raka ta a motar aro? Yayarta ce za ta kai mata kaya. In na dawo zan cire, na yi maka alkawari."

Auta ta sauko daga tasi ita da mamanta, ta ɗauki jakarta ta nufi jar motar. "Baba, yau dai da Yaya zan tafi."

"Shiga ta Kawunki."

"Baba, ranar farko fa."

"Na ce shiga ta Kawunki!"

Ta shiga tana zumɓura baki. Mai-Birki ya kalli amininsa ta saman mota, shi kuwa ya sunkuya yana gyara igiyar akwati da ba ta kwance ba.

Sun yi nisa da gari rana ta ɓace. Ba wani ruwan kirki aka yi ba, yayyafi ne, irin na farko da ke taso da baƙin man da ya kwanta a kwalta duk rani ya mayar da titi kamar an zuba sabulu. Mai-Birki ya sassauta ƙafa. Ido ɗaya a hanya, ɗaya a madubi. Jar motar tana biye, ta kunna fitila, ta ba da tazara. Ba gudu yake ba. Duk wanda ya ce Mai-Farce gudu yake yi a ranar, ƙarya yake.

Kafin gada akwai kwana mai gangara. Motar Mai-Birki ta sha ta lafiya. A madubi ya ga jar motar ta shigo kwanar, ya ga bayanta ya fara fita gefe a hankali, kamar mai neman wuce gabanta. Ya ga fitilun gaba sun juya sun kalli inda aka fito. Sannan ƙofar direba ta haɗu da kan simintin gada.

Bai san yadda ya tsaya ba. Ya dai san ya ce wa Maman Auta ta riƙe yarinyar, ya ruga. Shi da wani direban babbar mota suka fito da shi ta ɗaya ƙofar, suka kwantar da shi a gefen titi. Mai-Birki ya ɗora kansa a cinya, yana kare masa fuska daga yayyafi da tafin hannu. Idonsa a buɗe yake.

"Auta?"

"Lafiyarta ƙalau. Yi shiru, ana kiran mota."

"Ka ga dai ban ɗauke ta ba."

Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Mutane sun zo gaisuwa, kowa yana cewa kwana ne ya ƙare. Mai-Birki ya yarda, ba ya jayayya da hukuncin Allah. Amma duk wanda ya faɗa sai ya ji kamar ya kama hannunsa ya kai shi shagon ya nuna masa kantar sama. Ka ga dai ban ɗauke ta ba. Wato yabo yake nema. Ya lissafa matarsa, ya lissafa 'yarsa, ya lissafa ɗan mai otal da matar mai waya da yaran makarantar da bai san sunansu ba, shi kaɗai ne bai shiga lissafin ba. Kamar shi ba na kowa ba ne. Kamar wanda ya zauna bango ɗaya da shi tun suna samari ba zai buɗe shago da safe ya ji shiru ba.

Janwe mai jan motocin da suka lalace ya kawo jar motar ya sauke a ƙarshen layi. Gefen direba ya shige ciki, gilasai sun zube. Tayoyin kuwa ko ƙwarzane babu.

Bayan an share makoki ƙanin marigayi ya buɗe shago. Wata safiya Mai-Birki ya fito zubar da ruwan wanke hannu, sai ya ga tayoyin jar motar a bakin ƙofar shagon marigayi, an cire su daga rim, an wanke, an shafa musu mai, an jera su huɗu suna ƙyalli. Wani saurayi mai baƙar mota 'yar ƙasa-ƙasa yana tsugune yana shafa zanen, bakinsa har kunne.

Mai-Birki ya saki bokitin.

"Me suke yi a nan?"

Ƙanin ya matso ya rage murya. "Yaya, ka yi haƙuri. Ka ga iyali ya bari. Dubi zanensu, ko taɓa su ba a yi ba. Mutumin nan ya yaba, ya ce bai taɓa samun irinsu da sauƙi haka ba."

"Ka gaya masa daga ƙarƙashin wa ka ciro su?"

"Haba Yaya. Ƙaddara ce. Ko sababbi ne in kwana ya ƙare..."

"Rufe min baki! Ɗan'uwanka bai gama sanyi a ƙasa ba za ka aika masa da ɗan wani?"

Saurayin ya miƙe. "Baba, lafiya? Ni fa na riga na yi ciniki."

"Kawo yatsanka."

"Na'am?"

Mai-Birki ya kama babban yatsan saurayin ya danna a kan robar. Yaron ya fizge hannu. "Ai taya mai kyau dole ta yi ƙarfi. Ku tsofaffin nan! Malam, ɗaura min in tafi."

Ƙanin ya sunkuya zai mirgina ta farko. "Shagon nan dai ba naka ba ne, Yaya. Da girmanka."

Gaskiya ya faɗa, shagon ba nasa ba ne, kuma mai shi ya taɓa ce masa kada ƙafarsa ta ƙara takawa. Mai-Birki ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba.

Ashe Auta tana ciki. Ta zo kwashe kayan ubanta, rigar aikinsa da kofinsa da tabaraunsa, ta ji komai. Ta fito daga bayan ƙofa da wuƙa mai baƙin tef a hannu. Idonta a kumbure, amma muryarta ba ta rawa.

"Baffa, sake ta," ta ce da ƙanin ubanta. Ya saki. Ta juyo ta miƙa wa Mai-Birki ƙotar. "Kawu, ni hannuna ba zai iya ba."

Ya karɓa. Ya kwantar da ta farko ya taka ta da gwiwa ya soka wuƙar a gefe. Ta ƙi shiga. Ya sa hannu biyu ya danna da nauyin jikinsa, robar ta yi ƙara ta buɗe, ya ja har ƙasa.

"Ga ta nan, mai taurin kai," yake cewa, ba da kowa a wurin yake ba. "Ga kwanar gidan man. Ka ɗanɗana? Ta yi daɗi?"

Ya jawo ta biyu. "Kafin ruwa. In na dawo. To ka dawo mana!"

A ta uku wuƙar ta zame ta yanke shi a tafin hannu, bai tsaya ba. A ta huɗu ba ya ganin inda yake yanka, hawaye sun rufe masa ido. Auta ta tsugunna ta riƙe masa tayar har ya kai ƙasa.

Saurayin ya ce layin nan duk mahaukata ne, ya shiga motarsa ya fizge ta ya tafi a kan tsoffin tayoyinsa. Ƙanin ya zauna a benci ya haɗa kai da gwiwa. Auta ta yage gefen tsumman goge hannu mai tsabta ta ɗaure wa Kawunta ciwon. Sannan ta goge wuƙar ta mayar kan ƙusa, ta ce da Baffanta, "Nan take zama. In dai shagon Baba ne, ana amfani da ita."

Sababbin huɗu suna nan a kantar sama har ƙanin ya sayar wa wani, kuma an ce ya tambayi mutumin inda yake bi da wanda yake ɗauka kafin ya sauko da su. Tsagaggun kuwa Mai-Birki ya jibge su a bayan shagonsa, ya hana mai kwasar shara ɗauka. Da safe in ya zo buɗe ƙofa yakan kai wa ta sama ƙafa, ya ce wata magana da ba ta rubutuwa, sannan ya yi wa mai su addu'a. Allah ya gafarta wa Mai-Farce, ya haskaka makwancinsa. Mai-Birki dai ya ce tasa afuwar sai sun haɗu.